Bazarar da Ke Zuwa a Buhu

Tun kafin kiran assalatu ruwa ya sauko a New Bell. Iska ce ta fara zuwa tana jijjiga ƙofofi, tsawa ta biyo ta, sannan ruwan ya yi ta dukan kwanon ɗaki kamar ana zazzage tsakuwa. Dattijon da ke kwana a ɗakin bakin zaure bai jira ya ga abin da zai biyo baya ba. Ya naɗe tabarmarsa ya ɗora kan akwati, ya rataye takalmansa a ƙusa, domin ya san halin kwatar da ke bayan katanga: idan ta cika, ba ta sallama kafin ta shigo. Cikin rabin sa'a ruwan ya ɗauke kamar ba a yi ba, ya bar unguwa da ɗigar kwano da kukan kwaɗi. Dattijo ya haska kalandar da ke jikin bango da fitilar wayarsa, ya ga watan Maris ya raba tsakiya, sai ya gyaɗa kai ya ce a ransa, "To, bazara ta kama."

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa, in ya ji wannan magana daga bakin mutumin da ruwa ke neman shigar masa ɗaki, zai ɗauka tsufa ne ya fara taɓa shi. A inda aka haifi kalmar, bazara ita ce wutsiyar rani, watannin da ke tsakanin tafiyar hunturu da faɗuwar damina. A cikinta ne rijiya ke ja da baya har sai an ƙara wa guga igiya. A cikinta ne guguwa ke tashi da tsakar rana ta kwashi kara da ƙura ta yi sama da su, mutane su fito da shimfiɗa tsakar gida saboda ɗaki ya zama tanda, iyaye su riƙa fargabar sanƙarau da ƙyanda. Manomi kan yi sharar gona, ya kai taki, ya gyara rufin ɗaki. Uwargida kan leƙa rumbu ta ƙiyasta ko abin da ya rage zai kai su kaka. Wanda ya ƙagu ya yi binne, wato ya zuba iri a busasshiyar ƙasa ya bar wa Allah sauran. Kowa idonsa na gabas, ana duban hadari, ana sauraron ranar da yara za su shigo gida da gudu suna cewa sun ga shamuwa. In aka tace duk wannan, abin da ke ƙasan ƙwarya shi ne jira. Bazara lokaci ne na mutanen da suka gama nasu shirin, saura na sama.

Duwala kuwa ba ta san wannan jira ba. Birni ne da ke zaune a bakin kogin Wuri, kusa da inda yake buɗewa ya shiga teku, kuma ruwan da ke sauka a kansa a shekara yakan haura milimita 3,500. Ƙasar Daura, inda aka binne cibiyar dattijon, ba ta samun kashi ɗaya cikin huɗu na wannan. Abin da mutanen Duwala ke kira rani ɗan sarari ne daga Disamba zuwa Fabrairu, wanda shi ma ba a rasa ruwa jefi-jefi a cikinsa. Hunturu kan iso ne a gajiye, ya zama ɗan hazo a kan kogi, ba ya fasa leɓe balle diddige. Da Maris ya shigo ruwa ya dawo, ya yi ta ƙaruwa har Yuli da Agusta, lokacin da ake iya shafe kwanaki ba a ga ƙwayar rana ba. Kalmar marka, wadda a gida ake ajiye wa tsakiyar damina, a nan ta yi wa abin kaɗan kamar rigar yaro a jikin ƙato.

Zafin ma wani iri ne. Da wuya ma'auni ya wuce 33 ko 34, alhali a Marwa ko Sakkwato watan Afrilu kan haura 40. Sai dai zafin arewa busasshe ne, yana shanye gumi tun bai gangaro ba, inuwa kuma tana da amfani. Na Duwala jiƙaƙƙe ne: gumi ya fito ya rasa inda za shi, domin iskar da za ta ɗauke shi ita ma a ƙoshe take da danshi. Wannan ne dalilin da ya sa randar da matar dattijon ta sa aka kawo mata daga Garwa ba ta taɓa sanyaya ruwa yadda ta saba ba. Randa tana sanyi ne idan ruwan da ke tsattsafowa ta jikinta yana bushewa. Inda ba ya bushewa, tukunya ce kawai. Haka wanki ke kwana biyu a igiya, takalmin fata ya yi funfuna a ƙarƙashin gado, kwaɗon ƙofa ya yi tsatsa cikin shekara guda. A 'yan shekarun nan da azumi ya riƙa faɗowa cikin Maris da Afrilu, ƙanen dattijon kan tsokane shi a waya cewa su mutanen bakin teku azumin gata suke yi. Shi kuwa yakan ce kowa da irin tasa wutar.

Gaisuwa ita ce ta fi nuna yadda harshe ke riƙe da ƙasarsa ko da ya yi nisa da ita. Bayan sallar asuba, a ƙofar masallaci, tsofaffin unguwa suka tsaya kan 'yan duwatsun da aka jera don tsallake taɓo. Wani ya ce, "Alhaji, yaya ruwa?" Dattijo ya amsa, "Ruwa ya yi gyara." Amsar ke nan da aka gada, kuma mutanen da suka ƙirƙire ta ba su taɓa ganin ruwan da ya yi yawa ba sai nadiran. A New Bell ana faɗinta ne da tsintsiya a hannu, ana koro ruwa daga ɗaki. Ba wanda ya yi dariya, ba kuma wanda ya canza ta. Ladabi ne ga Mai saukar da ruwan, kuma wata hanya ce ta tuna wa juna daga inda aka fito.

Shi dai cin rani ya zo. A 1982 ne, bayan an ɗaure dawa an kai rumbu, ya bi wani ɗan garinsu ta Kano da Yola zuwa Garwa, daga nan suka hau mota zuwa Ngaundere, inda layin dogo ya iso tun 1974. Jirgin ƙasa ya sauke su Yawunde, wani ya kawo su Duwala. Niyyarsa ita ce ta kowane ɗan cin rani: ya rage wa rumbu baki ɗaya, ya tara 'yan kuɗi, ya koma kafin shuka. Abin da bai lissafa ba shi ne garin da ya zo ba shi da alamar da za ta ce masa rani ya ƙare. A gida hadarin farko ne ke kora 'yan cin rani su koma. A nan hadari ya zo tun bai gama koyon hanyar kasuwa ba, ya ce bari ya ƙara wata guda. Wata ya zama shekara, aure ya shigo, 'ya'ya suka biyo. Yau fiye da shekara 40 ke nan, in aka tambaye shi me ya kawo shi Kamaru, har yanzu amsarsa ita ce, "Cin rani."

Unguwar da ya sauka ita ma ta san ƙaura. A farkon shekarun 1910 Jamusawa, waɗanda ke mulkin ƙasar a lokacin, suka ƙudura tayar da 'yan asalin Duwala daga bakin kogi su mayar da su can ciki, su bar wa Turawa gaɓa. Sarkinsu, Rudolf Duala Manga Bell, ya tsaya kai da fata yana ƙin wannan hukunci, aka rataye shi ranar 8 ga Agusta 1914. Wurin da aka ware wa mutanen Bell shi ne ake kira New Bell, amma daga baya baƙi ne suka cika shi: Bamileke daga tsaunukan yamma, Basa, Ewondo, da fatake Musulmi daga arewa. A kudancin Kamaru sunan Hausa ya zama laima mai faɗi, ana yawan kiran duk Musulmin arewa da shi, ko Bafulatani ne ko Babarbare. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya mai fadama, shi ya sa ruwa ke samun wurin zama. Daga nan ne kowace safiya dattijon ke hawa babur ɗin haya, wanda a nan ake kira bensikin, ya nufi arewacin gari, zuwa kasuwar Sandaga da ke tsakanin Akwa da Deido.

Sandaga kasuwar ɗanyen kaya ce, kuma kafin gari ya waye ta riga ta yi nisa da aiki. Motocin tumatir daga Fumbot sun iso cikin dare, 'yan dako na sauke kwanduna, masu baro na neman hanya da ihu. Ga kabeji da karas da dankalin Turawa daga tsaunukan yamma, ga attarugu, ga ganyen shuwaka da ake miyar ndole da shi. Matan da ake kira bayam-salam, sunan da ya fito daga Turancin buroka mai nufin saya da sayarwa, sun zagaye kowace mota suna taya kaya tun bai taɓa ƙasa ba. Ana ciniki da Faransanci, ana faɗa da buroka, ana rantsuwa da Fulatanci, ana ƙirga buhu da Hausa. Bayan ruwan dare, ƙasa ta zama kunu, warin ruɓaɓɓen ganye ya gauraye da ƙamshin citta. A wani lungu na wannan hayaniya, ƙarƙashin rumfar kwano, buhunan dattijon ke jere kan katako, an ɗaga su daga ƙasa kamar yadda ya ɗaga tabarmarsa.

Albasa yake sayarwa, kuma ita ce ta riƙe masa kalanda duk shekarun nan. Albasar da Duwala ke ci daga arewa take zuwa, galibi daga lambunan Marwa da Garwa, inda ake nomanta da rani ana ba ta ruwa daga rijiya da fadama. Tana nuna ne idan zafi ya kama, lawashi ya kwanta, ƙasa ta bushe. Sai a cire, a shanya, a ɗura a buhu. Saboda haka a daidai watannin da ake kira bazara a can, manyan motoci ke ɗauko ta su yi tafiyar fiye da kilomita 1,000, su sauke a bakin teku, wata ma ta zarce Gabon da Ikwatoriyal Gini. Kasuwa ta cika, farashi ya faɗi. In dattijon ya kwance bakin sabon buhu, busasshen ɓawo ya tashi yana ƙara kamar takarda, da 'yar jar ƙura a ƙasan buhun, yakan tsaya ya shaƙa. Wannan ƙura ita ce kaɗai bazarar da ke isowa Duwala.

Sai dai ta koya masa darasi mai tsada kafin su saba. A shekararsa ta uku da fara sana'ar, ya yi lissafin da duk ɗan arewa zai yi: a sayi albasa da bazara tana araha, a ajiye, a fitar idan ta yi tsada. A gida haka ake yi, a zuba ta a rumfar kara mai shan iska ta yi watanni. Ya tattara duk abin da ya tara, ya ƙara da bashi, ya sari buhu 30, ya kulle a wani ɗaki. Bayan mako uku ya buɗe ƙofa, wari ya tare shi tun daga bakin zaure. Ta sama ta yi tsiro, ta tsakiya ta yi ruwa, ta ƙasa ta koma taɓo. Abin da ya tsinta bai cika buhu 8 ba, kuma shekara biyu ya yi yana biyan bashin. A shekarar ne ya yi niyyar komawa gida da gaske, kunya ta hana shi komawa hannu rabbana. Tun daga nan ya san cewa a Duwala ba a ajiye albasa, ana rakiyarta ne. Kullum sai an zazzage, an tsince wadda ta fara laushi kafin ta shafa wa 'yan'uwanta, an sayar da ita da rahusa ga masu abincin sayarwa. Abin da aka noma da ruwa, ga shi ruwa ne ajalinsa. Hausawa kan ce albasa ba ta yi halin ruwa ba, suna nufin ɗan da bai ɗauko kyawun halin iyayensa ba. Dattijon yakan ce shi ya ga ma'anar karin maganar da idonsa, ya kuma biya kuɗin gani.

Ranar Laraba da rana, da aka tashi makaranta, jikansa ya biyo ta kasuwa kamar yadda ya saba. Yaro ne ɗan shekara 11, haifaffen New Bell, ɗan haifaffen New Bell. Hausarsa tana tafiya ne da sandar Faransanci, in ta yi tuntuɓe ta dogara da ita. Ya zauna kan buhu, ya buɗe littafin karatunsa, ya nuna hoton wata bishiya da ta yi fari fat da furanni, ga yara na wasa a ƙarƙashinta kan ciyawa.

"Kaka, yaya ake cewa printemps da Hausa?"

"Wane ne kuma haka, abokina?"

"Lokaci ne. A Faransa. Maris, Afrilu, Mayu."

Dattijo ya ƙirga watannin da yatsa. "Ai bazara ke nan."

Abin da ya yi shi ne abin da masu fassara da yawa ke yi: watanni sun zo ɗaya, sai a ɗaura wa kalmomin aure. Amma kalmar Turawa tana ɗauke da sauƙi bayan wuya, ƙanƙara ta narke, itatuwa sun farka. Ta Hausa kuwa ita ce wuyar kanta, ƙarshen haƙuri kafin sauƙi ya zo. In akwai lokacin da ƙasar Hausa ke yin kama da hoton littafin, to makonnin farko na damina ne, sa'ad da ƙasa ta yi shar cikin kwana kaɗan. Yaron bai san wannan ba, amma ya dubi hoton, ya dubi kakansa, ya girgiza kai.

"A'a, Kaka. Ni na san bazara. Ita ce lokacin da albasa ke araha, kake dawowa gida kana warinta, kana yi wa kowa faɗa."

Maƙwabtan rumfa suka fashe da dariya. Dattijo ya ɗaga carbi kamar zai make shi, yaron ya goce, domin tsakanin kaka da jika wasa ne. Amma bayan yaron ya tafi, maganar ta zauna masa a ƙirji. Ga jininsa, ga sunan mahaifinsa a kan yaron, amma bai taɓa ganin rijiya ta ƙafe ba, bai san ƙamshin ƙasa a daren ruwan farko ba, bai san dalilin da zai sa babban mutum ya fito tsakar gida cikin ruwa yana hamdala ba. In aka ce masa kaka, tsohon nan mai warin albasa kawai ya sani. Ɗaya kakar, ta sabon gero da kalankuwa, ba ta cikin ƙamusunsa. Karin maganar albasa da ruwa ta zo masa baki, ya haɗiye ta. Laifin wa? Ba yaron ne ya zo cin rani ya ƙi komawa ba.

A daren ne saƙon murya ya shigo ta WhatsApp daga ƙanensa. Bayan doguwar gaisuwa da lissafin waɗanda suka rasu da waɗanda suka haihu, ya zo kan magana. "Yaya, batun gonarka ce. Ka san shekara 40 ina noma ta tare da tawa. Yanzu gwiwa ta ƙi, yara kuma duk sun tafi birni. Akwai wanda ya taya, kuma tayin ba laifi. Ko dai ka zo, ko ka ba da izini a sayar. Amma ina son amsa kafin ruwa ya sauka, don mai saye yana son ya shuka bana."

Dattijo ya saurara sau uku. Kuɗin za su yi amfani, wannan ba musu. Za su ɗaga daɓen gidan nan yadda kwata ba za ta ƙara shigowa ba, za su kai yaron sakandare ba tare da an ci bashi ba. Gonar kuwa rabonsa da taka ta tun rasuwar mahaifiyarsu. Amma ya san abin da ke cikin cinikin wanda ba a rubuta shi a takarda. Muddin gonar tana nan, shi ɗan cin rani ne da ya yi jinkiri. Ranar da aka sayar, ya zama mutumin da ya bar gida, kuma an san abin da Hausawa ke cewa gida ke yi wa wanda ya bar shi. Ya kwanta yana jin fanka tana juya iska mai ɗumi, ya lura da wani abu da ya ba shi dariya shi kaɗai: ga shi a garin da ba a jiran ruwa, amma an ba shi wa'adi da ruwa.

Wa'adin kuwa yana da yadda ake auna shi, kuma ba wanda ya fi shi sanin ma'aunin. Shekaru da yawa ke nan yana da al'ada: duk direban da ya sauke masa kaya, bayan an ƙirga buhu an sha shayi, sai ya tambaye shi, "A ina ka haɗu da ruwa?" Direban wannan makon, wani Bafulatani mai fara'a, ya ce, "Alhaji, na baro Marwa tana ci da wuta. Garwa ma haka. Sai da na hau tudun Ngaundere na fara ganin hadari. Daga Garwa-Bulai zuwa nan kuwa tamfol bai bushe ba." Bayan mako biyu ko uku wani direban zai ce ruwa ya gangaro daga tudu ya doshi Garwa. Daga baya a ce ya taɓa Marwa. Idan ya kai nan, to ƙasar Daura ta kusa.

Abin da direbobi ke gani a hanya shi ne abin da masana yanayi ke zanawa a taswira. Kowa ya san hadari daga gabas yake tasowa, amma danshin da ke ciyar da shi daga kudu maso yamma yake zuwa, daga Tekun Atlantika. Wannan iska mai laima tana ture busasshiyar iskar hamada sannu a hankali, tana bin rana zuwa arewa, ta fara da gaɓar teku a Maris, ta isa ƙasar Hausa wajen Mayu da Yuni, sannan ta juyo da baya idan kaka ta gabato. Ashe ruwan da ya tashe shi da asuba da ruwan da ƙanensa ke duban gabas dominsa, tafiya ɗaya ce. Duwala ƙofa ce da damina ke shigowa ta cikinta. Albasa tana gangarowa kudu, ruwa yana hawa arewa, suna saɓani a hanya wajen Ngaundere. Shi kuma yana zaune a inda ɗaya ke sauka ɗaya ke tashi, kuma shekara da shekaru shi ne ke fara kiran gida ya ce, "Ku gyara iri, ga shi nan tafe."

Da ya tuna wannan, sai ya ga bai kamata ya yi wa yaron hukunci da gaggawa ba. Ma'anar da ya bayar ba ta cikin ƙamus, amma ba ƙarya ya yi ba. Kalmar ta yi tafiyar da kakansa ya yi, ta iso garin da babu ƙafaffiyar rijiya, babu shamuwa, babu binne, ta duba abin da za ta kama don kada ta faɗi, ta kama buhun albasa. Watannin ba su canza ba, zafin da ya nunar da albasar shi ne dai zafin da ke gasa Daura. Yaron yana riƙe da bakin igiyar. Abin da ya rage shi ne a nuna masa inda ɗaya bakin yake ɗaure.

Sai da watan Afrilu ya kusa ƙarewa, ranar da wani direba ya ce ya ga taɓo a bayan Garwa, sannan ya kira ƙanensa.

"Kada a sayar bana. Ka ba ɗan maƙwabcinka nan da ka ce ba shi da gona, ya noma, ku raba yadda aka saba. Kuɗin taki ina turowa ranar Juma'a."

"To, Yaya. Baɗi fa?"

"Baɗi ina zuwa. Akwai hutun da yara ke yi ƙarshen Maris. Zan zo da abokina ya ga bazara da idonsa."

Aka yi shiru a ɗaya ɓangaren, sannan dariya ta biyo, irin ta wanda ya ji magana ba sau ɗaya ba. "Yaya, wannan baɗin naka ya girmi 'ya'yana."

Dattijo bai musa ba, domin gaskiya ce. Ya ce kawai, "Allah ya kai mu." Da ya ajiye waya, ya jawo wani tsohon gwangwanin madara daga bayan buhuna, ya zazzage ƙusoshin da ke ciki, ya jefa kuɗin kashi ɗaya na albasar da ya sayar da safe. Ya yi lissafin kuɗin jirgi zuwa Ngaundere da na mota daga can, na mutum biyu, ya raba da kwanakin shekara, ya ga in bai yi fashi ba zai isa.

Wajen la'asar sama ta fara haɗuwa. Iska ta ɗaga ledoji, bayam-salam suka shiga kiran yaransu, masu baro suka ruga neman rumfa. Jikan, wanda ya iso ke nan da jakar makaranta a ka, ya kama gefe ɗaya na tamfol, kakan ya kama ɗaya, suka ja shi kan buhunan, suka danne da duwatsu. Ɗigon farko ya faɗo kan kwano, mai nauyi kamar goro.

"Kaka, yau ma ruwa ya yi gyara?"

"Ya yi, abokina. Ba namu ba ne, wucewa yake. Ja wancan gefen, kada ya taɓa mana kaya."